Jira ne ko aiki? Fashin baƙi kan jinkirin tashin sabar ofis marar intanet

A ƙaramin ofis, sabar ita ce kwamfutar da kowa ya dogara da ita amma ba mai kallonta. Tana can a lungu, ita ke riƙe da fayilolin kowa, da manhajar lissafin kuɗi, wani lokaci har na'urar buga takardu ta hannunta take bi. Wasu na ce mata uwar garke, kuma sunan ya dace, domin idan ba ta miƙe ba babu wanda zai motsa. Wurare da dama da gangan suke raba ta da intanet don tsare bayanan da ke cikinta, wasu kuma layin ne ba su da shi. Sai a wayi gari idan an kunna ta da safe, ko wuta ta ɗauke ta dawo, sai ta cinye minti 10 ko 15 kafin a iya buɗe fayil ɗaya. Abin da ke fara fitowa daga bakin mutane shi ne ta tsufa, a ƙara mata RAM, ko a share komai a sake ɗorawa.

Ni a ganina wannan gaggawa ce, kuma takan ci kuɗi ba tare da ta warkar da komai ba. Akwai tambaya guda da ya kamata a fara amsawa kafin a taɓa ko da kusa ɗaya: a cikin waɗannan mintuna, sabar aiki take yi, ko jira take yi? Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban. A sabar da ba ta da intanet kuwa, jira ya fi zama abin zargi, saboda kusan duk manhajar zamani an rubuta ta ne da zaton cewa duniya na nan a bayan kebul, za ta kira a amsa mata.

Amsar wannan tambaya ba ta buƙatar wata manhaja. Ka jona allo a jikin sabar kanta, ka riƙe agogo da takarda, ka kashe ta yadda ya dace, sannan ka kunna. Rubuta lokacin da tambarin kamfanin ya bayyana, lokacin da ya ɓace, lokacin da Windows ko Linux ya fara lodi, lokacin da shafin shiga ya fito, da lokacin da wata kwamfuta a ofis ta iya buɗe fayil daga cikinta. Kana yi kana kallon 'yar fitilar faifan ajiya da ke gaban akwatin. Idan tana ƙyafƙyaf ba tsayawa, ko ta kama ta ƙi mutuwa, na'urar na fama da wani aiki. Idan kuwa fitilar ta yi tsit, fanka na juyawa a hankali, allo ya tsaya cak a kan saƙo ɗaya, to zaune take tana sauraro.

Akwai wata alama da nake matuƙar amincewa da ita, wato lambar da agogo ya ba ka. Aiki na gaske ba ya ƙarewa a lamba ɗaya kullum, yau daƙiƙa 47, gobe 52. Jira kuwa wa'adi gare shi da wani ya rubuta a cikin manhaja, don haka yakan fito cif: daƙiƙa 30, daƙiƙa 90, minti 2. Idan ka kunna sau uku ka ga tsaikon bai canza ko da daƙiƙa biyu ba, ka riga ka gano rabin matsalar. Ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ake kira bai amsa ba.

Zangon farko, daga danna maɓalli zuwa ɓacewar tambari, ba ruwan Windows ko Linux da shi. A nan na'urar ke gwada jikinta: tana ƙirga RAM, tana tayar da katin RAID mai haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, tana duba faifai ɗaya bayan ɗaya. Sabar irin su Dell PowerEdge ko HPE ProLiant sun saba ɗaukar 'yan mintuna a wannan zango ko da lafiyarsu ƙalau, don haka kada a gwada su da kwamfutar tafi-da-gidanka. Abin dubawa a nan kaɗan ne. A cikin BIOS, wato saitunan na'urar da ake shiga kafin Windows ko Linux ya fara lodi, duba jerin wuraren da take neman abin lodi. Idan PXE, wato lodi ta hanyar netwok, na gaban faifai, za ta tsaya a kan kowace kafar kebul tana neman wanda zai ba ta adireshi, kuma sabar mai kafa huɗu sau huɗu za ta yi wannan zaman. A mayar da faifai farko, a kashe PXE. A cire filashi ko faifan ajiyar waje da aka manta a jone. Idan kuma akwai saƙon da ke cewa a danna F1 kafin a ci gaba, a karanta shi da kyau, domin sau da yawa batirin katin RAID ne ya mutu ko wani faifai ya faɗi daga cikin rukuni. Kundin iDRAC a Dell ko iLO a HPE, masu sa ido kan lafiyar sabar daga cikinta, na ajiye irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da kwanan watansu.

Daga nan sai ɗan gajeren zango na zaɓen abin lodi. Windows kan jira daƙiƙa 30 idan yana da zaɓi fiye da ɗaya. A Linux na Ubuntu, GRUB, mai nuna wannan zaɓi, kan yi irin wannan jira na daƙiƙa 30 idan tashin da ya gabata bai kammala lafiya ba. Wannan ƙaramin abu ne, a gyara a wuce.

Zango na uku ne ke cinye lokaci, kuma kafin a shiga cikinsa dole a fahimci bambanci tsakanin a ce maka a'a da a yi maka shiru. Idan ka ƙwanƙwasa ƙofa wani ya leƙo ya ce mai gidan ba ya nan, nan take za ka juya. Idan ba wanda ya amsa, za ka tsaya, ka sake ƙwanƙwasawa, ka kasa kunne, ka sake, sai ka gaji ka tafi. Haka kwamfuta take. Sabar da ba a saka mata adireshin ƙofar fita (gateway) ba kwata-kwata, wato hanyar da saƙo ke bi ya bar netwok ɗin ofis, da ta nemi waje za a ce mata babu hanya, ta wuce abinta cikin ƙiftawar ido. Amma sabar da aka nuna mata rauta a matsayin ƙofar fita, alhali rautar ba ta kai ko'ina, ko katangar tsaro (firewall) na haɗiye saƙonni ba tare da ta ce uffan ba, ita ce ke shan wahala. Windows kan yi kusan daƙiƙa 21 yana maimaita kira ɗaya kafin ya haƙura. Linux, a tsarinsa na asali, yakan maimaita sau 6, abin da ke kai shi kusan daƙiƙa 127. Wannan kira ɗaya ke nan, na manhaja ɗaya. Saboda haka gyara mafi arha da na sani shi ne a sa katangar tsaro ta riƙa ƙin saƙon sabar a fili, wato REJECT a maimakon DROP, ko a cire adireshin ƙofar fitar idan duk kwamfutocin ofis a rukunin adireshi ɗaya suke. Idan ofis na da rukuni fiye da ɗaya kuwa, kada a cire, don za a yanke wasu ma'aikata daga sabar.

Babban mai laifi a wannan zango shi ne DNS, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi. Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ranar da aka kafa sabar an jona ta da intanet don a sauke sabuntawa, aka rubuta 8.8.8.8 na Google ko adireshin kamfanin sadarwa a gurbin DNS, aka gama aka zare kebul, adireshin kuma ya zauna a wurin shekara da shekaru. A Linux, kowace tambaya na jiran daƙiƙa 5, kuma ana zagayawa sau 2. Idan matattun adireshi biyu ne a cikin resolv.conf, fayil ɗin da ke riƙe da adireshin DNS, suna ɗaya tak zai ci kusan daƙiƙa 20. Yanzu ka lissafa manhajoji nawa ne ke tambayar suna yayin tashi: ma'ajiyar bayanai, sabar fayiloli, mai aika wasiƙa, mai kula da buga takardu. Abin takaicin ma shi ne sau da yawa sunan da suke tambaya sunan ita sabar ce da kanta. Tsohuwar manhajar sendmail ta shahara da wannan, idan ta kasa gane cikakken sunan na'urar da take kai sai ta kwanta na minti ɗaya kafin ta sake gwadawa. Layi guda a cikin fayil ɗin sunaye na /etc/hosts, mai ɗauke da sunan sabar da adireshinta, na kashe wannan matsala har abada.

A Windows Server da ke riƙe da asusun ma'aikata, wato mai Active Directory, lamarin ya fi zafi, domin Active Directory ba ya iya gane kansa sai ta DNS. Idan ita kaɗai ce a ofis, gurbin DNS na katinta dole ya nuna ita kanta, ba wani na waje ba. Idan ba haka ba za ka ga allo ya maƙale a kan saƙon cewa ana aiwatar da saitunan kwamfuta, minti bayan minti. Akwai kuma wani tarko da na sha gani: a da ofis na da sabar biyu, ɗaya ta lalace aka ɗauke ta aka ajiye, amma ba a goge sunanta daga Active Directory ba. Duk safiya mai ran sai ta tsaya neman 'yar'uwarta don su daidaita bayanai, DNS kuma ya tsaya jiran ta gama. Shaidar wannan na cikin Event Viewer, manhajar duba kundin Windows, a kundin DNS, da lamba 4013. Maganin shi ne a share ragowar bayanan tsohuwar sabar yadda ya dace. Sannan a leƙa saitunan DNS ɗin a cire adireshin waje da aka ce ya riƙa miƙa wa tambayoyin da bai san amsarsu ba, tunda ba inda za su je.

Na biyu a Windows, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, shi ne binciken takardar shaida. Manhajoji da yawa na ɗauke da sa hannun kamfanin da ya yi su. Kafin a bar su su tashi, Windows na iya ƙoƙarin tabbatar da cewa ba a soke wannan shaidar ba, sai ya nemi jerin sokakku daga wurare irin su crl.microsoft.com, ko ya nemi sabon jerin amintattu daga ctldl.windowsupdate.com. Wa'adin kowane nema daƙiƙa 15 ne. Ga inda abin ke rikicewa: Windows daƙiƙa 30 kacal yake bai wa kowace manhajar bayan fage ta ce ta tashi. Idan ta ɓata lokacinta tana jiran intanet, wa'adin ya cika, sai a ɗauka ta gaza. Za ka ga lamba 7009 da 7000 a kundin System, na farko yana ambaton milisakan 30000, wato daƙiƙa 30 ɗin nan. Shi ya sa a wasu ofisoshi kullum sai wani ya je ya tayar da manhajar lissafi da hannu bayan sabar ta tashi, kuma ta tashi lafiya, kowa ya rasa dalili.

Ana iya rage wa'adin daƙiƙa 15 ɗin ta Group Policy, wurin saita dokokin Windows, a sashen Certificate Path Validation Settings, a kuma kashe sabunta jerin amintattu kai tsaye. Wasu kan rubuta sunayen waɗancan wurare a fayil ɗin hosts su nuna su ga 127.0.0.1, wato ita sabar kanta, don a sami a'a nan take a madadin shiru. Dabarar na aiki, amma ina da sharaɗi a kanta. Binciken nan ba ado ba ne, shi ke kama manhajar da aka sace sa hannunta. A sabar da ba ta taɓa ganin intanet, ba abin da yake ƙarawa sai jinkiri. Ranar da aka jona ta kuwa, wannan gyara ya koma ɓaraka. Duk wanda ya yi shi ya rubuta a takarda ya manna a jikin akwatin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙara wa'adin daƙiƙa 30 ɗin zuwa minti 2 a ce an gyara. Manhajar za ta daina faɗuwa, gaskiya ne, amma jiran na nan, an dai shimfiɗa masa tabarma ne.

Kafin duk wannan, akwai saitin Group Policy mai suna Display highly detailed status messages. Idan aka kunna shi, a madadin ɗigon da ke zagayawa, allo zai riƙa faɗin abin da ake yi a kowane lokaci. Da shi da agogonka za ka san wa ke riƙe da layi. Idan abin ya ƙi bayyana, Process Monitor na Sysinternals na iya naɗe duk abin da ya faru tun daga farkon tashi. Tunda sabar ba ta iya sauke komai, irin waɗannan kayan aiki a filashi ake tanadarsu tun kafin rana ta ɓaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu Linux sun fi samun sauƙi wajen bincike. Umarnin systemd-analyze na raba maka lokacin tashi zango-zango. Wanda ake kira systemd-analyze blame na jera manhajoji daga wadda ta fi daɗewa, amma yana iya yaudara, domin abubuwa da yawa a tare suke tashi, kuma wanda ya daɗe ba lallai shi ya tare hanya ba. Wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne systemd-analyze critical-chain, shi ke nuna wa ya jira wa. Daga nan journalctl -b zai ba ka labarin tashin layi-layi da lokacinsa, ka nemi inda agogo ya yi tsalle tsakanin layi biyu.

Lambobin nan biyu za ka fi cin karo da su. Minti 2 cif yawanci systemd-networkd-wait-online ne, yana jiran wata kafar kebul da ba a jona komai a cikinta ba, ko yana jiran adireshi daga DHCP, mai raba adireshi a netwok, da babu shi. A Ubuntu, rubuta optional: true a ƙarƙashin wannan kafa a cikin saitunan netwok na netplan ya isa, kuma dama sabar adireshi tsayayye ya kamace ta. Minti 1 da daƙiƙa 30 kuwa kusan kullum fstab ne, fayil ɗin da ke jera faifan da za a haɗa yayin tashi: an rubuta wani faifan ajiyar waje ko wata jakar netwok da yanzu ba ta nan, systemd, mai tayar da manhajojin Linux, ya tsaya daƙiƙa 90 yana jiran ta bayyana, wani lokaci ma ya jefa ka cikin yanayin gaggawa bayan jiran. Kalmar nofail a wannan layi na ce masa ya wuce idan bai gani ba, _netdev kuma na sanar da shi cewa sai netwok ya tashi tukuna. Sai cloud-init, wanda aka yi don sabar haya a manyan rumbunan kamfanoni, yana iya tsayawa neman bayanansa a 169.254.169.254. A akwatin da ke ƙarƙashin tebur ba shi da aikin yi bayan an gama kafawa, kuma fayil marar komai mai suna cloud-init.disabled a cikin /etc/cloud na sallamarsa.

To idan fitilar faifai ba ta huta ba fa? Nan labari ya canza, kuma ya fi ban tsoro. Tambayar farko ita ce yadda aka kashe ta. Sabar da wuta ta yanke mata numfashi dole ta gyara ɓarnar kafin ta ci gaba: ta duba tsarin fayiloli, RAID ya sake daidaita faifai, ma'ajiyar bayanai ta sake bin kundinta don ta kammala ko ta warware abin da aka bari a rabi. Windows na rubuta irin wannan mutuwa da lamba 41 da 6008. Idan waɗannan lambobi sun cika kundi, matsalar ba ta tashi ba ce, ta kashewa ce, kuma maganinta UPS, wato batirin ajiyar wuta, mai kebul ɗin da ke gaya wa sabar ta rufe kanta kafin batir ya ƙare. Ina roƙon duk wanda ya tarar da ita tana wannan gyara ya bar ta ta gama. Danna maɓalli a riƙe don an gaji da jira shi ne hanya mafi sauri ta mayar da jinkiri asara.

Idan kuwa lafiya ake kashe ta amma faifai na ta nishi, a duba lafiyarsa da smartctl ko manhajar katin RAID. A rahoton lafiyar faifan, lamba 5, gurbin da ya lalace aka riga aka musanya, da lamba 197, gurbin da ke jiran musanya, su ne abin kallo. Faifan da ke mutuwa yakan yi ta maimaita karanta wuri ɗaya, kuma jinkirin tashi na cikin alamominsa na farko. Da zarar waɗannan lambobi sun fara hawa, a ajiye binciken gudu a gefe, a kwashe bayanai tukuna. Sai bayan an tabbatar faifan lafiya yake, an kuma kawar da duk jiran banza, sannan maganar sauya shi da SSD ko ƙarin RAM take da ma'ana. SSD na rage lokacin aiki ƙwarai, amma ba ya rage ko daƙiƙa ɗaya daga wa'adin jira.

Akwai wani ɗan abu da ke haɗa duka zangunan, batirin CR2032 da ke kan babban allon na'ura, mai kamar kwabo. Sabar da ke da intanet na gyara agogonta da kanta, don haka mutuwarsa ba ta cika fitowa fili ba. Marar intanet ba ta da wanda zai gyara mata. Idan ya mutu, duk lokacin da wuta ta yanke agogo na iya komawa shekarun baya, saitunan BIOS na iya komawa na asali, PXE ɗin da ka kashe ya dawo. Kerberos, wanda Active Directory ke tantance ma'aikata da shi, minti 5 kawai yake yafewa na bambancin agogo tsakanin sabar da kwamfutocin ofis. Sai ka ga sabar ta tashi amma ba mai iya shiga, kowa na cewa har yanzu tana lodi. A canza batirin, a sa sabar ta zama ita ce agogon ofis, a kuma daina barinta tana neman agogon waje.

Duk wanda zai bi waɗannan gyare-gyare ya yi su ɗaya-ɗaya. A tabbatar akwai kwafin bayanai da aka gwada, a zaɓi lokacin da ma'aikata suka tashi, a canza abu guda, a sake kunnawa, a rubuta sabon lokaci kusa da tsohon a takardar nan ta farko. Jira kan ɓoye a bayan jira, domin manhajoji biyu na iya zaman sauraro a lokaci guda, ka cire na daƙiƙa 120 sai na daƙiƙa 90 ya bayyana a gurbinsa, ribar ta zama daƙiƙa 30 kacal. Wannan ba ya nufin gyaran farko bai yi ba. A koma kundi a nemo tsallen agogo na gaba.